Kusurwar da Ta Karkace

Daga gado na uku, kusa da taga,
ina hango kusurwar da na karkatar.
Ba wanda ya lura. Likitoci sun zo sun wuce,
an shafa fenti sau huɗu,
amma idon magini ba ya yafe wa hannunsa.

Shekarar da muka fara, nan ne ƙarshen Tawa.
Gari ya tsaya can wajen rijiyar Bizo,
daga nan sai ƙarangiya da jajayen duwatsun Adar,
da awakin da ke kallonmu kamar mun zautu.

Amalanke ce ta tashe mu.
Cima, matar Nomau, naƙuda ta zo mata da gardama.
Jakin ya yi iya yinsa cikin yashi,
amma kafin a hango ƙofar babban asibiti
sai aka juya kansa gida.
Ranar sadakar uku ba wanda ya yi jawabi.
Nomau ya cire hularsa,
ya ajiye ta tsakiyar tabarma, bakinta sama.

Dala-dala, jika-jika.
'Yan ci-ranin Abijan suka aiko da kuɗin kwano
cikin wasiƙar da ta yi wata guda a hanya.
Mata suka ɗebo ruwa, tulu bisa gammo,
ni na jera bulo.
Ranar kusurwar nan zazzaɓi nake,
igiyar awo tana rawa a idona,
na ƙi faɗa, don kada a ba wani aikin.

Ɗaki ɗaya tal.
Teburi, da benci mai ƙafa uku, dutse ne ta huɗu.
Malam Gumar shi ne mai allura, shi ne mai rubutu,
babur ɗinsa ya fi marasa lafiyar tari.
Haihuwar fari, kananzir ya ƙare,
Tasala ungozoma ta riƙe tocila da haƙora,
har yaron ya yi kuka ba ta iya cewa barka ba.

Sai gari ya biyo mu.
Mai shayi ya fara zuwa, mai ƙosai ta bi shi,
gidaje suka haɗiye rijiyar Bizo.
Ɗakin haihuwa ba da ni aka yi ba, ina Agadas lokacin,
shi ya sa tagoginsa ke kallon rana.
Ɗakin awon jini da ni.
Shekarar sanƙarau aka kafa rumfuna har bakin hanya,
na ajiye cokalin gini na ɗauki shebur.
Wannan ba zan ƙirga ba.
Damina biyu rufi yana yoyo, ba ko dala a asusu,
aka tara ruwan sama da kwanonin majinyata.
Daga baya faranta masu shan rana suka hau kwano,
firiji ya yi sanyi, rigakafi ya samu makwanci.

Yau gadaje sittin, in ji mai shara.
Ɗakinmu na fari ma'ajin tsintsiya ne da bokiti.

Likitar da ke duba ni 'yar Damagaram ce,
ba ta san Nomau ba, ba ta san hularsa ba.
Ta ɗaura mini abin awo a damtse,
ta bi idona har waje, ta ce,
"Baba, wancan tsohon ɗakin kake kallo?
Bayan salla za a rushe shi,
ɗakin tiyata za a yi a wurin."

Na saurari zuciyata, ita ma tana saurare da na'urarta.
Ban san me ta ji ba.

Na ce, "Madalla, 'yata.
Amma ki gaya musu su fara ta arewa.
Kusurwar can ta karkace, gaskiya ne,
sai dai ba za ta faɗi da sauƙi ba.
Da dare na dawo, ni kaɗai,
na ninka mata siminti, saboda kunya."